Kindle ko littafin takarda? Shawara ga mai karatu a zangon Kumasi

Duk mai ɗan'uwa a Amurka ko Jamus ko Saudiyya ya san tambayar da ake yi idan lokacin zuwa gida ya matso: me za a riƙo maka? A 'yan shekarun nan, cikin samari da 'yan matanmu masu son karatu a Aboabo, Asawase, Sawaba da Tafo, ana samun masu cewa a riƙo musu na'urar karatu, irin su Kindle da Kobo. Wasu kuma da guminsu suka tara kuɗin, suna ta jujjuya shi a rai: su shiga Adum su nemi na'ura, ko su zuba shi a teburin mai littattafai? A ganina, kafin a zo maganar farashi ko lafiyar ido akwai tambayar da ta riga su: littafin da kake son karantawa, yana cikin na'urar kuwa? In yana ciki, da wace kama yake? Mai karatu a zango da harshe uku yake karatu, Larabci da Turanci da Hausa, kuma na'urar ba ta yi wa ukun adalci daidai ba.

Na'urar karatu ba waya ba ce, ba kuma kwamfutar hannu ba ce irin wadda gwamnati ta fara raba wa ɗaliban sakandare a 2024. Fuskarta daban take. A ƙarƙashin gilashin akwai miliyoyin ƙananan ƙwayoyi, kowace ɗauke da ɗigon baƙi da na fari. Idan ka juya shafi, lantarki sai ya turo baƙaƙen sama a inda harafi zai fito, farare su cika sauran wurin, daga nan su tsaya cak. Ba ta ƙara jan wutar kirki sai ka sake juyawa. A jami'ar MIT ta Amurka aka ƙirƙiro fasahar, kamfanin E Ink ya kafu a kanta a 1997, Sony ya fara sayar da na'ura mai irin wannan fuska a Japan a 2004, sannan Amazon ya fito da Kindle a watan Nuwamba na 2007 a kan dala 399. Kobo ta biyo baya daga Kanada a 2010.

Daga wannan ƙira duk alherinta ya fito. Caji ɗaya yakan kai ka makonni. Masu ƙera ta suna cewa mako shida ga ƙaramar Kindle, amma lissafinsu na mai karatun rabin sa'a ne a rana, don haka mai karatu da gaske ya rage wani abu daga ciki. Ko an rage, wanda ya ga dumso na 2015, lokacin da unguwa kan kwana ta wuni babu wuta, ya san darajar abin da ba ya neman soket kullum. A tsakar rana, a inuwar rumfa ko a tashar mota, rubutun yana fitowa tar, ba ya dushewa kamar na waya. Da dare kuma tana da fitilarta, wadda ke haska shafin daga gefe maimakon ta harbo haske cikin ido. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gidajenmu na haya, inda mutum biyar ke kwana ɗaki ɗaya. Uwar da ta gama aikin gida ƙarfe goma na dare tana iya karatunta yara na barci, ba ta kunna ƙwai ba, ba ta tashi kowa ba. Nauyin ƙaramar bai kai giram 200 ba, kuma tana ɗaukar dubban littattafai. Babu WhatsApp a cikinta, babu TikTok, babu mai kira. Ni a wurina wannan rashin ya fi duk abin da ke cikinta daraja.

Sai kuɗi. A ƙarshen 2024 ƙaramar Kindle mai inci shida tana kan dala 110 a Amurka, Paperwhite mai inci bakwai wadda ruwa ba ya ɓata ta tana kan dala 160. Kafin ta iso Kumasi an ɗora kuɗin jirgi da ribar mai kawowa, kuma duk wanda ya ga yadda sidi ya zube a 2022 ya san cewa abin da ake yi wa farashi da dala ba ya zama wuri ɗaya. Bayan ka saye ta, littafin ma da dala ne. Sabon littafi a kantin Amazon yakan kai dala 10 zuwa 15, ba sa karɓar MoMo, sai da katin banki na Visa ko Mastercard, wasu littattafan kuma za a ce maka ba a sayar da su ga mazauna yankinka. A ɗaya ɓangaren, tsoffin littattafan Turanci da ake bazawa a bakin titi a Adum da kewayen Kejetia ana samunsu da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma ana tayawa. Mai karanta littafi uku ko huɗu a shekara ba zai taɓa fanshe kuɗin na'ura ba. Wannan lissafi a fili yake, ba sai an ja shi ba.

Inda lissafin ke juyawa shi ne wurin mai cin littafi da yawa cikin Turanci. Akwai taskar Project Gutenberg, wadda aka fara tun 1971, mai ɗauke da littattafai sama da 70,000 da haƙƙin mallakarsu ya ƙare, duka kyauta kuma halal. Ɗalibin adabi ko tarihi ko falsafa a jami'ar KNUST zai samu mafi yawan tsoffin ayyukan Turawa a can ba tare da ya biya ko pesuwa ɗaya ba. Ga ƙamus a ciki: ka danna kalmar da ta shige maka duhu, ma'anarta ta fito nan take. Ga yaron da ya tashi da Hausa a gida, Tiwi a kasuwa, Turanci a aji kawai, wannan ƙamus malami ne na biyu, domin da yawanmu kasalar tashi neman ƙamus ce ke sa mu tsallake kalma, mu wuce ba mu gane ba. Haka kuma sabon littafin da ya fito a Landan ko Niyok, wanda zai yi watanni bai iso shagunan Akra ba balle Kumasi, yana sauka cikin na'urar a minti ɗaya. A fagen Turanci, in dai kai mai yawan karatu ne, na'ura ta yi gaba.

Amma zo mu shiga zauren malam, domin a nan ne na fi son a tsaya a duba da kyau. Bayan sallar asuba, ɗalibai sun kewaye malam a kan tabarma, kowa da littafinsa a cinya: wannan yana Ahalari, wancan yana Iziyya, na gefe ya kai Risala, dattijon da ke jingine da bango yana Askari. Wanda layi ya zo kansa ya karanta jimla da Larabci, malam ya fassara da Hausa gaɓa-gaɓa, ɗalibi yana bi da fensir, yana rubuta ma'ana da ƙananan baƙaƙe a ƙarƙashin kowace kalma. Can sai malam ya miƙo hannu ya ɗora yatsa a kan shafin: "Tsaya, ɗan nan. Duba da kyau, rufu'a ce a nan, ba wasali bisa ba. Sake." Ɗalibi ya ce, "Na'am, Allah gafarta Malam," ya gyara da fensirinsa, ya maimaita. Bayan shekara biyu wannan littafi ya cika da rubutun hannu tsakanin layuka da gefen shafi, kuma wannan rubutun shi ne karatun. Ranar da ɗalibin zai zaunar da nasa ɗaliban, shi zai buɗe.

Na'ura mai inci shida ba ta iya wannan aiki. Tana barin ka ka ja layi a kan jimla, ka buga ɗan bayani da yatsa, amma bayanin yana ɓuya ne a bayan wata 'yar alama, ba ya zama a ƙarƙashin kalmarsa inda ido zai gan su tare. Rubutu a cikinta kuma a hankali yake tafiya, malam ba zai jira ka ba. Sannan galibin littattafanta ba su da tsayayyen shafi: ka ƙara girman harafi, shafukan su sake tsari. Idan malam ya ce a koma shafi kaza, layi na uku daga ƙasa, masu bugu iri ɗaya duk sun isa, kai kana lalube.

Akwai kuma yadda aka tsara littattafan ilimi tun asali. Ɗauki tsohon bugun Misira mai rawayar takarda, irin na maɗaba'ar Mustafa al-Babi al-Halabi ta Alƙahira, ko bugun Bairut da ya biyo sawunsa. Shafi ɗaya na iya ɗaukar littafi biyu ko uku: hashiya a tsakiya, sharhi a gefe, matani cikin baka. Ido yana tsalle daga wannan zuwa wancan ya dawo. Kwafin irin waɗannan da ke yawo a intanet, mafi yawansu hoton shafi ne aka ɗauka aka haɗa a PDF. Hoto ba ya sake tsari. Idan ka buɗe shi a ƙaramar na'ura, babban shafi sai ya ƙanƙance har wasulla su koma ɗige-ɗige. Ka faɗaɗa, sai ka riƙa jan shafin hagu da dama, fuskar tana ƙiftawa a kowane ja. Kafin ka gama babi ɗaya ranka ya ɓaci. Wannan shi ne babban abin da ke sa ɗaliban ilimi su sayi na'ura da murna, bayan wata guda ta koma ƙasan akwati. Masu manyan fuska, inci goma, irin su Kindle Scribe da ta fito a 2022 ko Boox, suna nuna PDF yadda ya kamata har da alƙalamin rubutu, sai dai kuɗinsu ya haura dala 300. Da wannan kuɗi za ka cika kanta guda da littattafan fiƙihu da nahawu da tafsiri.

Wani zai ce ai akwai Shamila, taskar nan ta Larabci mai dubban littattafai kyauta. Gaskiya ne, kuma ni'ima ce babba: hadisin da a da malami zai kwana yana nema cikin mujalladai, yanzu da kalma biyu ya fito. Amma Shamila manhaja ce ta kwamfuta da waya. Kindle da Kobo ba sa karɓar manhajojin waya. Ko da ka juya littattafan ka zuba su ciki, ƙarfin Shamila a bincike yake, bincike kuwa yana son na'ura mai sauri. Ban da haka, rubutun da aka sake bugawa da hannu ba ya rasa kuskuren ɗigo ko faɗuwar kalma, shi ya sa malamai masu taka-tsantsan ke nemo wurin a Shamila, sannan su tashi su tabbatar a bugun takarda kafin su faɗa a kan mumbari. Amazon ya fara sayar da littattafan Larabci a Kindle a 2018, kuma suna karantuwa lafiya daga dama zuwa hagu, sai dai abin da ya fi yawa a can adabin zamani ne da littattafan kasuwa. Ƙananan matanonin Malikiyya da muke biyawa a zaure, da wasullansu cikakku, teburin mai littattafai a bakin masallaci ya fi kusa da kai, ya fi araha.

Alƙur'ani kuwa maganarsa daban. Mahaddaci da hoton shafi yake riƙe karatu: ya san ayar tana saman shafin dama, ya san da wace kalma shafin ya ƙare. Bugun Madina mai shafi 604, layi 15 a kowane shafi, an tsara shi ne yadda kowane shafi ke ƙarewa a ƙarshen aya, kuma wanda ya yi hadda da shi ba ya son a canja masa. Dattawanmu da suka tashi da Warash da rubutun allo, su ma idonsu ya saba da nasu. Mushafi mai launukan tajwidi, a na'ura mai baƙi da fari launukan duk toka-toka suke komawa. Abu ɗaya da masu na'ura ke ambatawa shi ne sauƙin ɗauka a hanya, kuma malamai da yawa na wannan zamani suna ganin waya ko na'ura ba ta ɗaukar hukuncin mushafi wajen taɓawa ba da alwala ba. Wannan kowa ya tambayi malaminsa. Amma don hadda da tilawar kullum, ban ga dalilin barin takarda ba.

Hausa fa? A nan akwai abin da ke ci mini rai. Muna magana da ita daga Kumasi har Akra, daga Tamale har Takoradi, ana wa'azi da ita, ana ciniki da ita, amma ba ta cikin harsuna 11 da Hukumar Harsunan Gana ke buga littattafai da su, ba a kuma koyar da ita a makarantun gwamnati. Littafin Hausa na boko sai wanda fatake suka riƙo daga Kano ko Zariya, kuma ba kullum ake samu ba. Saboda haka ga mai son karanta Hausa a zango, intanet ƙofa ce ta gaske, wadda takarda ba ta buɗe masa ba. Sai dai ƙofar ta waya ce. Marubutan Hausa na yanzu, musamman mata masu rubuta labarai, a WhatsApp da Telegram da Wattpad da manhajojin sayar da littafi suke sakin ayyukansu, babi-babi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke zama a kan Kindle yadda yake a waya. Abin da za ka iya shi ne, idan ka sayi cikakken littafi daga hannun marubuciya, ka tura fayil ɗin cikin na'urar ta hanyar Send to Kindle, wadda tun 2022 take karɓar EPUB, wato tsarin fayil na littattafan lantarki, ƙari a kan Word da PDF, ko ka yi amfani da manhajar Calibre a kwamfuta. Idan ƙ da ɗ da ɓ suka fito a karkace ko suka zama akwati, canja salon harafi yakan gyara. Na ce "idan ka saya" da gangan. Littafin da ake turawa daga rukuni zuwa rukuni ba da izinin mai shi ba, gumin wata ne ake ci, haka ma jabun bugun da ake sayarwa a bakin titi. Harshen da ba shi da gata a makaranta, in marubutansa ma ba su ci abinci da shi ba, wa zai ci gaba da rubutawa?

Ga mai shirin jarrabawar BECE ko WASSCE, magana gajera ce: takarda. Littattafan manhajar Gana da na tsoffin tambayoyi a takarda ake samunsu, cike suke da zane da jadawali da lissafi waɗanda ƙaramar fuska ba ta nunawa da kyau, kuma jarrabawar kanta da biro ake rubuta ta. Bincike ma ya karkata nan. A 2018 wasu masana a Sifen suka tattara nazari 54 da aka yi a kan mutum sama da 170,000, suka ga cewa fahimta ta fi ƙarfi a takarda idan rubutun na bayani ne, musamman idan lokaci ya ƙure. A labari kuwa ba su ga bambanci ba. Adalci shi ne a faɗi cewa yawancin waɗannan nazarce-nazarce a kan kwamfuta aka yi su, ba a kan na'urar karatu ba. Wanda ya shafi Kindle kai tsaye shi ne na Anne Mangen ta jami'ar Stavanger a Norwe da abokan aikinta: mutum 50 suka karanta labari mai shafi 28, rabi a takarda, rabi a Kindle. A yawancin tambayoyi sun yi kunnen doki, amma da aka ce su jera abubuwan da suka faru bi da bi, masu takarda sun fi. Dalilin da ake zato shi ne hannu yana taya ƙwaƙwalwa: kaurin abin da ka karanta yana ƙaruwa a hannu ɗaya, na saura yana raguwa a ɗayan, sai ka san inda kake a cikin littafin.

Game da ƙarko, ba sai mun je nesa neman hujja ba, domin a ƙasar nan aka yi gwajin. Ƙungiyar Worldreader a Gana ta fara aikinta a 2010, da ɗan gwaji a ƙauyen Ayenyah, sannan ta raba Kindle ga ɗaruruwan ɗalibai a Kade da Adeiso cikin Yankin Gabas. Yara sun karanta da yawa, karatun 'yan firamare ya inganta. Amma kusan kashi 40 cikin 100 na na'urorin sun lalace kafin a kammala, akasari ta fuska. Na yanzu sun fi na wancan lokaci ƙwari, sai dai raunin yana nan: a ƙarƙashin fuskar akwai siririn gilashi, idan aka danne shi sai ya tsage daga ciki, waje lafiya lau, amma rabin shafin ya daskare da layuka. Zama a kanta a aljihun baya, ko matsi a cikin jaka a trotro, ya isa. Masu gyaran waya a Adum gwanaye ne, kusan babu wayar da ke gagararsu, amma da wuya ka samu mai ajiye fuskar wannan na'ura, in an yi odarta kuma kuɗin ya kusa na sabuwa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa; mai sayen na'ura ya sa wannan a lissafi tun farko.

Takarda ma tana da maƙiyanta, kuma a Kumasi suna da ƙarfi. Damina biyu muke yi a shekara, laima tana sa shafuka su yi fumfuna su manne. Ga gara, ga kyankyaso, ga ɓera, ga rufin da ke yoyo, ga ruwan da ke shiga ɗakuna a gidajen da ke bakin rafin Aboabo idan sama ta yi nauyi. Na ga akwatin littattafan wani malami da aka buɗe bayan rasuwarsa: daga sama mujalladai a jere, bangonsu kamar sababbi, da aka ɗaga na farko sai ƙasa ta zubo, gara ta cinye cikin ta bar bango. Amma ɓarnar takarda a hankali take zuwa, kuma ana iya tare ta: a ɗaga littattafai daga ƙasa, a nisanta su da bango mai laima, a riƙa buɗe su suna shan iska, musamman da hunturu. Littafin da ya jiƙe ana shanya shi a karanta. Wanda bangonsa ya cire, mai ɗinki zai mayar. Na'ura kuwa rana ɗaya take mutuwa gaba ɗaya, ko da yake littattafan da ka saya suna nan a asusunka, za ka same su idan ka sami wata.

"A asusunka" ɗin nan ma sai an duba shi. Littafin da ka biya wa kuɗi a Kindle, a ƙa'idar kamfanin izinin karantawa aka ba ka, ba mallaka ba. A 2009 Amazon ya shiga na'urorin mutane ya goge wani littafin George Orwell da suka saya, saboda rikicin haƙƙin bugawa, ya mayar musu da kuɗinsu. A 2019 Microsoft ya rufe kantin littattafansa, abin da mutane suka saya ya daina buɗewa. Kusa da mu, OkadaBooks ta Nijeriya, inda marubutan Hausa da dama suka sa littattafansu, ta rufe a ƙarshen 2023. A farkon 2025 kuma Amazon ya cire damar sauke littafin da ka saya zuwa kwamfuta don ajiya. Mu kuwa littafi a wurinmu abu ne mai yawo: ana ara, ana bayarwa kyauta ga ɗalibin da ya yi sauka, ana yin waƙafi da shi a masallaci, ana raba shi a gado. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano wanda ya zauna a Salaga ya kuma rasu a 1934, rubuce-rubucensa na Larabci da Hausa hannu da hannu suka bi ta ɗalibansa, har masana na Cibiyar Nazarin Afirka a Legon suka tattara kwafinsu a shekarun 1960. Littafin da ke kulle a asusun mutum ɗaya ba ya irin wannan tafiya. Fayil ɗin da ba a kulle ba, kamar na Gutenberg, shi yana yi, har ya fi takarda sauri; saboda haka mai na'ura ya riƙa ajiye kwafin irin waɗannan a wani wuri daban.

Akwai mutum ɗaya da nake ganin na'urar ta fi kowa amfana, kuma ba a cika tuna shi ba: dattijon da idonsa ya fara rauni. A takarda, girman harafi yadda maɗaba'a ta ga dama ne. A na'ura, Baba ko Hajiya na iya ƙara shi har ya kai yadda suke so, su koma karatun da suka ajiye shekaru. Sharaɗin shi ne a samu ɗa ko jika mai haƙuri da zai zuba musu littattafan, ya tabbatar ba hoton PDF ba ne, ya nuna musu inda ake dannawa. In abin da suke so Alƙur'ani ne da littafin addu'o'i kawai, bugun manyan baƙaƙe da ake rabawa izu-izu ya wadatar, ba sai an kashe dala ba. Ƙananan yara kuma akasin haka ne. Yaro yana son launi, yana son ya riƙe, ya juya, ya nuna hoto da yatsa. A kai shi ɗakin karatu na Yankin Ashanti da ke cikin Cibiyar Al'adu, ko a sauke labaran Hausa kyauta daga African Storybook a buga masa su a takarda.

Kada kuma a manta da abin da ke aljihun kowa. Binciken da UNESCO ta fitar a 2014, wanda ya haɗa da Gana da Nijeriya cikin ƙasashe bakwai, ya nuna mutane da yawa a waya suke karatu, kuma mata sun fi maza daɗewa a kai. Worldreader ita kanta daga baya wayar ta fi mayar da hankali a kai. Manhajar Hukumar Ɗakunan Karatu ta Gana a waya take aiki, haka Shamila, haka Wattpad, haka manhajar Kindle ɗin kanta, wadda kyauta ce. Shawarata ga mai shakka ita ce ya fara da nan: ya sa manhajar a wayarsa, ya rubuta sunayen littattafai goma da yake da niyyar karantawa a bana, ya nemi kowanne. In bakwai daga ciki sun samu a tsarin da harafi ke girma ya ragu, kuma ya ga yana karatun amma saƙonni da zafin ido da mutuwar batir suna katse shi, to shi ne mutumin da aka ƙera wa na'urar, ya saya ba tare da fargaba ba. In akasarinsu littattafan zaure ne ko na jarrabawa, ya kai kuɗinsa wurin mai takarda. Malamin da ke da tarin PDF na manyan mujalladai, kwamfutar hannu mai faɗin fuska ta fi masa ƙaramar Kindle, in kuma aljihu ya yarda, Boox mai inci goma, domin ita tana karɓar manhajojin Android.

Wanda ya yanke shawarar saye, kuma ta hannu zai saya kamar yadda yawancinmu za mu yi, kada ya biya sai ya gwada a gaban mai sayarwa. Ya buɗe farin shafi ya duba ko akwai layi ko tabon da ba ya gushewa idan an juya. Ya ƙure hasken fitilar ya ga ko ya bazu daidai. Ya tabbatar an cire asusun mai ita na farko, sannan ya haɗa ta da intanet ya shigar da nasa a nan take, domin Kindle da aka kai rahoton sata ko ɓata kamfanin yana toshe ta, ba za ta karɓi sabon asusu ba. Ya duba bakin caji: Paperwhite daga 2021 da ƙaramar Kindle daga 2022 suna amfani da USB-C irin na wayoyin yanzu, waɗanda suka girme su kuwa tsohon siririn baki ne, batirinsu ma ya sha aiki. In ɗan'uwa ne zai riƙo daga waje, a ce masa ya haɗo da riga mai tauri wadda ke rufe fuska, domin samun daidai girmanta a kasuwar Kumasi yana da wuya.